Yadda ake tara tsofaffin mariƙan katako na ƙananan libarba ba tare da an yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Jama'a wannan harka ce ta Amurka, can aka haife ta can kuma kasuwarta take, to tun farko mu gane juna. Akwai mutane a can da bindigar ma ba ta dame su ba, su dai katakon nan guda biyu da ake ɗaurawa a gindin libarba inda hannu ke kamawa shi suke bi, musamman wanda wani gwanin masassaƙi ya yi da hannunsa tsakanin shekarun 1930 zuwa 1980. Na rubuta wannan ne don 'yan'uwanmu da ke zaune can da suka fara sha'awar abin, da kuma wanda kawai yake son aikin katako mai kyau. Wanda ke Najeriya kuwa ya sani dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta wa mutum riƙewa sai da izini na musamman daga sama, don haka kar wani ya karanta wannan ya je yana odar kayan bindiga ta intanet, kwastam ba za su tsaya jin bayanin cewa ai katako ne kawai ba. Ita ma Amurkar tana da dokokinta na fitar da sassan bindiga waje.

Mataki na farko, ka san firam, wato ƙarfen jikin bindigar da katakon ke hawa, kafin ka san masassaƙi

Nan ne sababbin shiga suke zubar da kuɗi. Ka ga katako mai kyau a hoto, an rubuta na ƙaramar libarba ne, ka biya, ya iso ka ga ba abin da ya hau. Ƙananan libarba ba girmansu ɗaya ba, kuma gidaje biyu ne suka riƙe harkar, Smith & Wesson da Colt.

A ɓangaren Smith & Wesson abin da za ka fi cin karo da shi shi ne firam ɗin da suke kira J. Ya fito a 1950 da bindigar Chiefs Special mai cin harsashi biyar, wadda ta koma Model 36 lokacin da kamfanin ya fara sa wa bindigoginsa lamba a 1957. 'Yan'uwanta su ne Centennial ta 1952, Bodyguard ta 1955, sai Model 60 ta 1965 mai ƙarfen da ba ya tsatsa. Kafin J akwai firam I wanda ya fi shi ƙanƙanta, irin na Terrier da tsofaffin masu harsashi .32. To ga inda matsalar take, Chiefs Special na farko-farko, waɗanda masu tarawa ke wa laƙabi da Baby Chief, gindinsu gajere ne irin na I, sai wajen 1953 aka ɗan ƙara masa tsawo. Bambancin kaɗan ne ƙwarai a ido amma ya isa ya sa katako ya ƙi zama ko ya bar ƙarfe a waje. Bayan wannan kuma kowane J ko dai gindinsa mai zagaye ne ko mai kusurwa, masu sayarwa suna rubuta "round butt" ko "square butt", ka haddace kalmomin nan biyu don da su za ka yi bincike.

Colt kuma nasu firam D ne. Detective Special ta 1927 mai harsashi shida, Cobra ta 1950, Agent ta 1955 wadda tun asali gindinta gajere ne. A 1966 Colt suka gajarce gindin sauran ma, sai katakon ya zama shi ke cike tsawon daga ƙasa. Don haka in mai sayarwa ya ce maka na Detective Special ne, tambayar da za ka yi masa nan take ita ce na kafin 1966 ko na bayanta, in ya ce bai sani ba ka ce ya turo hoton cikin katakon da rula a gefe.

Ni shawarata ka zaɓi gida ɗaya da firam ɗaya ka tsaya a kai har ka ƙware. J mai zagayen gindi ya fi sauƙin farawa don shi ya fi yawa a kasuwa.

Na biyu, ka fara da na kamfani ko da ba shi kake nema ba

Wani zai ce ai ni na hannu nake so mene ne nawa da na kamfani. Dalilin shi ne sai idonka ya saba da na kamfani sannan za ka gane wanda ba shi ba. Smith & Wesson sun fito da samfurin Magna a 1935, wanda katakonsa ke hawa sama ya rufe kafaɗar firam. Tsofaffin suna da wani ɗan fili mai siffar daimon da aka bari ba zane a kewayen ramin sukuru, wajen 1968 aka daina yin sa, to da ka ga daimon ɗin ka san kusan zamaninsa. Sannan shekaru da yawa kamfanin yana buga lambar bindigar a cikin katakon ɓangaren dama, saboda a kan wannan bindigar aka goge shi aka daidaita shi. Wannan na nuna maka abu ɗaya muhimmi, ko na kamfani ma ba lallai ya zauna daram a kan wata bindigar ba balle na hannu.

Ka sayi guda ɗaya ko biyu masu arha, ka riƙe su, ka juya su, ka ga yadda inji ke yanka layi duk iri ɗaya ba gargada.

Na uku, sanin masassaƙan da alamar kowa

Me ya sa ma aka fara yin na hannu? Na kamfani a ƙananan libarba siriri ne sosai, in an harba zoben kunama yana dukan gaɓar ɗan yatsan tsakiya, bindigar kuma tana juyawa a hannu. 'Yan sandan farin kaya da ke yawo da su a ƙugu ko a aljihu suka riƙa neman wanda zai cike musu gurbin bayan zoben nan ba tare da bindigar ta yi ƙato ba. Wasu sukan sa ɗan ƙarfen Tyler T-Grip da ake yi a Oklahoma, masu hali kuma su ba masassaƙi aiki.

Sunan da ya fi kowane nauyi shi ne Roper. Walter Roper mutumin Massachusetts ne, ya rasu a 1954, shi ne mai tsarawa amma wanda ya fi yin sassaƙar da hannunsa Mathias Gagne ne. Mai saye yakan zana tafin hannunsa a takarda ya aika musu, su yi masa daidai hannunsa. A waje za ka ga zanen raga da aka yanka da hannu, sau da yawa da wani siririn layi kamar ribon yana ratsa shi. Amma hujjar tana ciki, akwai 'yan ƙananan ramuka masu kusurwa a bayan katakon inda abin riƙewa ya kama shi lokacin aiki. Yawancin aikinsu na manyan bindigogin gasar harbi ne, na ƙaramin firam ba shi da yawa, shi ya sa in ka ga an baza "Roper na J" a farashin banza to ka ja da baya. Na gaskiya ɗaruruwan daloli ne, mai kyau sosai ya kan haura dubu.

Kearsarge na garin Warner a New Hampshire su kuma da sassaƙar ganyen itacen oak aka san su, aikin shekarun 1930 zuwa sama. Lew Sanderson na Michigan yawanci za ka ga lambobi an buga a cikin nasa. Herrett's na Twin Falls a Idaho, wanda Steve Herrett ya kafa a shekarun 1950, shi ne na ce sabon shiga ya fara da shi, don suna da yawa, kuɗinsu da sauƙi, kuma suna da samfurin Detective da Shooting Star da suka yi wa ƙananan firam. Su ma sun riƙa karɓar zanen tafin hannun mai saye.

Sai 'yan Los Angeles, waɗanda ni su suka fi burge ni. 'Yan sanda ne da kansu, masu koyar da harbi a rundunar birnin, suna sassaƙa a gida bayan an tashi aiki: Walter Stark, Fuzzy Farrant, John Hurst, da Guy Hogue wanda ya kafa kamfanin Hogue a 1968. Nasu yana da gurbin yatsu da ɗan tudu da ke cika tafin hannu, kuma yana tsukewa ta ƙasa maimakon ya buɗe. Abin lura a nan, da yawa daga cikin na Farrant an yi su ne don bindigar da aka yanke wa kusurwar gaba ta gindin firam, in ka duba ciki za ka ga ramin bai bar wa kusurwar wuri ba. Don Allah kar ka yanke tsohuwar bindiga don katako ya hau, kuma kar ka ƙwaƙule katakon don ya hau bindiga, duk biyun asara ce. Matsalar 'yan Los Angeles ita ce yawanci ba sa sa suna, kuma sun koyi aiki a wajen juna, don haka rarrabe Hurst da Farrant da Hogue na farko sai wanda ya riƙe da yawa a hannu.

Na baya-bayan nan akwai Craig Spegel na Oregon mai Boot Grip, gajeren mariƙi da ke tsayawa daidai gindin firam ba ya wuce shi, wanda daga baya aka yi na roba da sunan Uncle Mike's. Keith Brown na Ohio kuma yana yin salon Roper da Kearsarge da kyau ƙwarai, shi ba ya ɓoye cewa sabon aiki ne, amma in kayan ya bi hannu uku huɗu sai ka ji wani dillali yana rantsuwa tun kafin yaƙin duniya aka yi shi. Akwai kuma irin su Sile da Jay Scott da Mustang, na kasuwa ne da aka yi da yawa, ba laifi a tara su amma kar a sayar maka da su a kuɗin aikin hannu.

Na huɗu, yadda ake duba katako kafin a biya

Wannan shi ne zuciyar abin gaba ɗaya. Fuskar katako kowa na iya gyara ta, a goge a shafa mai ta yi ƙyalli, bayansa ne ba a cika taɓawa ba. Duk mai sayarwar da ya ƙi turo hoton ciki ka bar masa kayansa.

Ka fara da haɗa ɓangarorin biyu baya da baya ka ɗaga su wajen haske. Bakinsu ya haɗu ko'ina? Launi da jijiyar katakon sun yi kama? Sau da yawa ana haɗa dama na wani da hagu na wani a ce biyu ne 'yan gida ɗaya. In akwai lamba ko rubutun fensir a ciki ka duba ko ya zo ɗaya a duka biyun, kuma kar ka kuskura ka goge rubutun fensir ɗin nan, wani lokaci sunan wanda ya ba da aikin ne ko samfurin bindigar, shi ne takardar haihuwar katakon.

Sai ka duba launin cikin. Katakon da ya shekara hamsin sittin cikinsa ya yi duhu, akwai shatin firam a jiki, wani wuri da baƙin tsohon mai ko ɗan jan tsatsa. In ka ga wani gefe fari tas kamar jiya aka fere shi, to an ƙwaƙule don ya hau wata bindigar. Ka duba ɗan ramin ƙasa inda fil ɗin firam ke shiga, in ya faɗaɗa ko an cike shi da gam an sake hudawa katakon zai riƙa motsi.

Tsagewa ta fi fitowa a wuri uku, saman katakon inda ya yi siriri, kewayen ramin sukuru saboda masu ɗaurewa da ƙarfin tsiya, da kusurwar ƙasa inda bindiga ke buguwa. Ka sa tochila a kwance ta gefe ba daga sama ba, hasken gefe shi ke tona tsaga. Wanda ke da 'yar tochilar nan mai shuɗin haske ta duba jabun kuɗi ya haska, gam da aka yi gyara da shi yakan fito da wani launi daban.

Zanen raga kuma ka sa madubin ƙara girma. Na hannu za ka ga ɗan wuce-layi nan da can a bakin iyaka, layukan ba su zama ɗaya sak ba. Tsoho kan 'yan tudun ya ɗan lallashe musamman ɓangaren da ke gogar riga. In katakon duk ya tsufa amma zanen yana da kaifi kamar haƙorin zarto, an sake yanka shi. In kuma ramukan zanen sun cike da banish mai ƙyalli, gefunan katakon sun yi sulɓi sun zagaye, to an bi shi da samfefa an sake shafe shi, darajarsa ta faɗi sosai ko da ya fi kyau a ido. Wata alamar samfefa ita ce in ka ɗora shi a firam ka ga ƙarfe ya fi katako tudu. Amma fa tsohon katako yana ɗan tsukewa da kansa, don haka ɗan bambanci kaɗan ba hujja ba ne.

Kar ka manta sukuru da 'yan zobban ƙarfen da yake shiga. Na asali yana ƙara daraja, kuma neman wanda zai dace da aikin hannu wahala ce, don kowa da tsawon da ya yi amfani da shi.

Irin katakon ma ka koya. Walnat shi ne ya fi yawa a tsofaffi, sai goncalo alves mai ratsin ja da baƙi, da rosewood da cocobolo masu nauyi da maiƙo. Nan akwai doka, rosewood na Brazil yana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa tsakanin ƙasashe, tun 1992, sauran danginsa kuma aka sa su jeri na biyu a 2017, shekarar da madobiyarmu ma ta shiga saboda yadda aka yi ta sare ta ana lodawa zuwa Chaina. Wato tsallaka iyaka da irin wannan katako yana iya buƙatar takarda. Hauren giwa kuwa ka bar shi kwata-kwata, tun 2016 Amurka ta kusan rufe cinikinsa gaba ɗaya.

Na biyar, inda ake samu

Shafukan intanet na eBay da GunBroker nan ne aka fi baza su, sai gidajen gwanjo irin Rock Island. Amma garaɓasa tana wajen baje kolin bindigogi, irin babban nan na Wanenmacher da ake yi a Tulsa ta jihar Oklahoma sau biyu a shekara, da kuma tsofaffin shagunan bindiga na ƙananan garuruwa. A shekarun 1980 da mariƙin roba ya yi tashe mutane da yawa sun cire na katako sun watsar, shi ya sa kusan kowane tsohon shago yana da kwali a ƙarƙashin kanta cike da su a cakuɗe. Ka yi sallama ka tambaya ko akwai kwalin tsofaffin mariƙai, ka zauna ka tona a hankali, ka tafi da tochila da rula da kwali da ka yanka daidai siffar gindin firam ɗin da kake tarawa don gwadawa. In ka ga abin kirki kar ka nuna zumuɗi, haɗa shi da wasu biyu uku ka tambayi kuɗinsu gaba ɗaya.

A intanet kuma farashin da aka sayar za ka duba ba wanda ake nema ba, kowa na iya rubuta dala dubu ya zauna shekara ba mai taya shi. Labarin "na wani tsohon ɗan sandan ciki ne" in ba takarda ko hoto to labari ne, kar ka ƙara ko sisi a kansa.

Na shida, cirewa da ɗorawa

In katakon a jikin bindiga yake, kafin komai ka buɗe gangar harsashi ka tabbatar ba ko ɗaya a ciki, ka duba da ido ka sake dubawa. Ka nemi sukudireba wadda bakinta ya cika tsagar sukurun daidai, irin ta masu gyaran bindiga mai miƙaƙƙen baki, ta kanti mai bakin tsini tana zamewa ta yagi katako. Ka sassauta sukurun 'yan zagaye kaɗan kar ka zare shi duka, sai ka ɗan ƙwanƙwasa kansa da gindin sukudireba, ɓangaren can zai saki da kansa. Daga nan ka zare, ka tura ɗayan da yatsa ta cikin firam. Wuƙa ko wani ƙarfe ba ya shiga tsakanin katako da firam ko da wasa. Wajen mayarwa da ya kama ka tsaya, ƙarin rabin zagayen nan shi ke tsaga su. In ya ƙi zama kar ka matsa masa, ba nasa ba ne.

Na bakwai, wanki da ajiya

A nan yin kaɗan ya fi yin da yawa. Buroshin goge baki mai laushi, busasshe, ka bi layukan zanen ka fitar da ƙura. In dauɗar ta kama sai ɗan sabulun katako irin Murphy a tsumma mai ɗan danshi, ka goge ka busar nan take, ba a jiƙa shi a ruwa. Bayan ya bushe ka shafa Renaissance Wax siriri ka goge, a wurin zane kuma ka bi da buroshi don kar kakin ya taru ya yi fari. Shi ke nan. Asiton, sinadarin nan na goge fentin farce, yana cire banish ɗin asali gaba ɗaya, ba a kai shi kusa da katako mai daraja sai wanda wani ya riga ya lalata da fenti. Man bindiga kuma kar ya taɓa katako, shi ne ke shiga ya baƙanta shi ya mayar da shi ruɓus. Masu shafa man linsid su sani tsumman da ya jiƙe da shi in aka dunƙule aka jefa a kwandon shara yana iya kama wuta da kansa, a shimfiɗa shi a waje ya bushe.

Duk wanda ya ga yadda ƙotar gatari ke sakin ƙarfe da hunturu ya san abin da bushewar iska ke wa katako, to hita a gidajen Amurka lokacin sanyi haka take yi. Ka nemi danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 50, nesa da taga da rana da bakin hita, ba a rufin gida ba ba kuma a ɗakin ƙasa mai laima ba. Ka haɗa kowane biyu da sukurunsu a sassauce, da ɗan kwali a tsakani, ka nannaɗe da auduga ko takarda mara asid. Robar ɗaure kuɗi kar ka sa, in ta tsufa tana narkewa ta manne ta bar shati.

Kowane ɗaya ka ɗaure masa 'yar takarda da zare a jikin sukurun, ba sitika a kan katako ba. Ka rubuta firam ɗin da yake hawa, irin katakon, inda ka saya da ranar da kuɗin, da sunan masassaƙi in ka tabbata, in kuma zato ne ka rubuta "ana zaton" a gaban sunan. Ka ɗauki hoton waje da ciki da sama da ƙasa ka ajiye tare da rasit, don ranar da za ka sayar ko ka yi musanya mai saye na gaskiya hoton cikin zai fara tambayarka.